Wutar mota ta ɗauke, ta dawo: ina cutar take?

A ƙauyuka da yawa tsohuwar mota guda ce ke kai hatsi da albasa kasuwa. Ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Saboda haka lafiyarta ta shafi tamu. Yau za mu yi magana bisa wata cuta da ke kama tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da Toyota. Ana cikin tafiya sai wuta ta ɗauke gaba ɗaya. Fitilu su mutu, oda ta yi shiru, inji ya tsaya. Jim kaɗan, ba wanda ya taɓa kome, sai wutar ta dawo.

Da yawa sukan ce batir ya mutu, su je su sayi sabo. Mu dai muna cewa a dakata. Batir da ya ƙare ba ya farfaɗowa da kansa cikin minti biyar.

Mu ɗauki misalin garka. In fangali ɗaya ya bushe, sai a duba ƴar hanyar ruwansa. Amma in duka suka bushe lokaci guda, babbar hanya ce ta toshe kusa da rijiya. Haka wutar mota take. Tana fita daga kan batir mai alamar (+), ta bi babbar waya, ta rarrabu. Sannan ta komo ta jikin ƙarfen mota zuwa kan da ke da alamar (−). Wayar da ta haɗa wannan kan da jikin mota ita ce makanikai ke kira mas. Kome da kome ta nan yake bi. In ta yi sako-sako, mota duka ta mutu.

Hanyoyinmu na burji suna girgiza mota ba sassauci. Girgiza tana kwance noti, tana cin waya daga ciki. Wani lokaci robar waya lafiya lau take, alhali zaren tagulla ya tsinke a ciki, saura kaɗan. Ga kuma wani farin gari ko kore da ke taruwa bisa kan batir. Shi ma yana tare wuta. Mota ta faɗa rami, waya ta rabu. Ta sake faɗawa wani, ta haɗu.

Ga yadda ake bincike, kuma ba ya cin ko dala. A tsayar da mota, a kashe inji, a kunna fitilu. Mutum ɗaya ya tsaya gaba yana kallonsu. Na biyu ya riƙa motsa wayoyi da hannu, ɗaya bayan ɗaya: kan batir biyu, wayar mas har inda aka ɗaure ta, babbar wayar (+), da gidan fuzibil. Inda aka taɓa fitila ta ƙyafta, nan cutar take. A duba kuma ko batir yana ɗaure da kyau a mazauninsa.

A lura da wannan: a yawancin tsofaffin motoci fitilu ba sa bi ta makulli. In inji ya mutu amma fitilu suna ci, sai a tuhumi kwantak, wato wurin sa makulli. Tarin makullai masu nauyi da ke lilo a jikinsa suna sa ya lalace.

Wajen gyara, a fara cire wayar (−), sannan ta (+). Wajen mayarwa, (+) ce farko. A wanke farin garin da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa a ciki, amma kada ruwan ya shiga cikin batir. A goge har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam, a shafa giris kaɗan. Masu buga ƙusa a kan batir don ya kama, da masu sa waya a madadin fuzibil, gobara suke gayyata. Kada kuma a cire kan batir inji yana aiki, don hakan yana iya ƙona na'urar da ke cika shi.

Batir yana fitar da iska mai kama wuta. Kada a sha taba ko a ƙyasta ashana kusa da shi. A cire zobe da agogo kafin a sa hannu. Ruwan cikinsa yana ƙona fata. In ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai tsabta, mai yawa, na minti 15 ko fiye, a tafi asibiti nan take.

In an yi duk wannan wuta ba ta daina ɗaukewa ba, sai a je wurin mai gyaran wutar mota ya auna. Cikakken batir yana nuna volt 12,6 in inji yana kashe, kusan 14 in yana aiki. Akwai batir da ke tsinkewa daga ciki. Wannan kam sai sabo. Kafin a samu gyara, kada motar ta yi tafiyar dare.