Yadda Ake Tantance Saiwar Magani a Ɗakin Gwaji

Babu sashen tsiro mai wuyar shaidawa kamar saiwa, domin da zarar an tono ta, an raba ta da ganye da fure, an shanya an daka, ba abin da ke saura sai sunan da mai sayarwa ya kira ta da shi. A kasuwannin Gaya da Ajingi, kamar a Kasuwar Kurmi ta Kano, masu maganin gargajiya kan gane saiwar sanya, wato uwar magunguna, da ƙamshinta irin na man zafi, su gane rawaya da launinta, amma ba kowace saiwa ke da alama bayyananniya haka ba.

Haɗarin dogaro da suna kaɗai ya fito fili a Beljiyam a farkon shekarun 1990, inda mata fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba. Saiwar Stephania tetrandra aka yi nufin sakawa, sai aka saka ta Aristolochia fangchi, saboda Sinawa na kiran dukansu fangji, alhali ta biyun tana ɗauke da gubar da ke lalata ƙoda, ta kuma haddasa sankarar mafitsara. Duman dutse, wanda Hausawa ke amfani da saiwarsa, daga dangin Aristolochia ya fito.

Tantancewa takan fara ne da kwatanta tsiron da samfurorin da aka busar aka adana da sunayensu, irin waɗanda ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Daga nan sai a yanki saiwar siriri, ko a ɗebi garinta, a duba ta madubin ƙara girma, a ga siffar ƙwayoyin sitacinta da tsarin jijiyoyinta. Sannan a jiƙa garin a sinadari, a ɗiga ruwan a gindin wani faranti mai shafen hoda, a tsoma gindin farantin cikin wani ruwan sinadari, yayin da wannan ruwan ke hawa sai sinadaran saiwar su rabu, kowanne ya tsaya a matsayinsa, a kwatanta jerin ɗigon da na saiwa ta asali. Idan shakka ta rage, gwajin ƙwayoyin gado ne ke raba gardama.

Duk waɗannan matakai suna buƙatar abin kwatance sahihi, shi ya sa masana ke son mai tono ya kawo saiwa tare da ganyenta da furenta, ya kuma faɗi dajin da ya samo ta.