Sheƙar Jan-baki da Renon 'Ya'yansa

Manoman Dosara da na sauran ƙasar Maradun, da Bakura, da Talata Mafara, sun san jan-baki a gona, musamman tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, noman shinkafa ya bunƙasa. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa ganin sheƙarsa, alhali kuwa a can ne asirin yawansa yake.

Jan-baki ba ya sheƙa sai damina ta kankama, ciyawa ta yi tsawo. A ƙasashen Sahel wannan yakan faɗo wajen watan Agusta zuwa Satumba. Sai tsuntsayen su taru dubbai a dajin ƙaya, bishiya guda ta ɗauki sheƙa ɗaruruwa. A wannan lokaci fuskar yawancin mazan takan yi baƙi, bakin matan kuwa ya rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa.

Namiji shi ne magini. Yakan tsago ɗanyar ciyawa siri-siri, ya fara ƙulla zobe a jikin reshe, sa'an nan ya saƙa ɗaki a kansa, ya bar ƙofa a gefe. Cikin kwana 2 ko 3 ya gama. Macen takan saka ƙwai 3 galibi, masu launin shuɗi-shuɗi. Da dare takan kwanta a kansu, da rana kuwa zafin gari yana taimaka mata. Bayan kamar kwana 10 sai su ƙyanƙyashe.

Uwa da uba duka suke ciyarwa. Da fari sukan ɗura wa 'ya'yan tsutsa da ƙananan fara, domin ƙwari ne ke gina jiki da sauri, daga baya su ƙara musu da ƙwayar ciyawa mai taushi. Kafin mako 2 ya cika 'ya'yan sun fito kan reshe. Abin lura shi ne, kusan a tare ake saka ƙwai, a tare ake ƙyanƙyasa. Saboda haka shirwa da macizai ko sun ci sun ƙoshi, abin da suka rage bai taka kara ya karya ba. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi.

Wani masani, Peter Ward, ya bi rayuwar wannan tsuntsu a yankin Tafkin Chadi, ya wallafa bincikensa a 1965. Ya nuna cewa ainihin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce. Sai dai sabbin 'ya'yan sukan fara tashi daidai lokacin da gero da dawa ke nuna, iyayen kuma sun riga sun yi gaba sun bar su. Gonar da ke kusa ita ce ke shan wahalarsu.

Don haka ya kamata malamin gona ya san inda aka yi sheƙa da ranar da aka fara ta. Daga nan zai iya ƙidaya makonni, ya gargaɗi manoma su shirya tsaro, ko su gaggauta girbi in amfanin ya nuna.