GYARAN INJIN TSOHUWAR 2 CV: A ƘARA MATA ƘARFI, KO A BAR TA YADDA TAKE?

Duk wanda ya yi wayo a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa cikin shekarun 1960 da 1970 ya san ƙaramar motar nan ta kamfanin Citroën, mai rufin tamfol, wadda Faransawa ke kira "doki biyu", wato 2 CV. Ma'aikata sun sha shiga ƙauyuka da ita, inda babu kwalta. Yau ta zama kayan tarihi, amma har yanzu akwai masu son ta, waɗanda ke fiddo ta daga inda aka yar da ita, su kai ta garaji a sake mata inji. A nan ne shawara ke tasowa. Makaniki ya kan ce: tun da an riga an kwance inji, me zai hana a ƙara masa ƙarfi? Mai mota kuwa, in bai san abin da zai zaɓa ba, sai ya kashe kuɗinsa, ya kuma kashe motarsa.

ASALIN MOTAR

An fara nuna 2 CV ga jama'a a birnin Paris cikin watan Oktoba na shekara ta 1948. An ƙera ta domin manoman Faransa, ta ɗauki mutum da kayan gonarsa a kan muguwar hanya, ba tare da shan isansi da yawa ba. Sunan "doki biyu" lissafin haraji ne, ba ainihin ƙarfin inji ba. Injin farko yana da girman santimita kub 375, ƙarfinsa doki 9. A 1954 aka kai shi 425. A 1970 aka fito da 2 CV 6 mai 602, wadda daga baya ƙarfinta ya tsaya wajen doki 29, tana kuma iya kai gudun kilomita 115 a awa ɗaya. Ta ƙarshe ta fito daga ma'aikatar Mangualde, a ƙasar Portugal, ran 27 ga watan Yuli 1990.

Ƙasarmu ma tana cikin tarihinta. A 1973 kamfanin ya shirya wata doguwar tafiya daga Abijan zuwa Tunis, kimanin kilomita 8.000, da 2 CV guda 60, suka ratsa hamadar Tenere. Abin lura shi ne, abin da aka fi ba muhimmanci ga motocin da ake shiryawa domin ƙasashe irin namu shi ne ƙarfafa ƙashin mota, da kare ƙasan inji, da tace iska. Jimiri aka nema, ba gudu ba.

A FARA SANIN INJIN

Injin 2 CV ya bambanta da na sauran motoci. Silinda biyu gare shi, a kwance, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba ya shan ruwa: iskar fanka ce ke sanyaya shi, tare da wani ƙaramin radiyato na mai da ke bayan fankar. Babu juwan tsakanin kulas da silinda. Ƙarfe ne ke zama kan ƙarfe, saboda haka dole fuskokin biyu su kasance sumul. Bilbireke kuwa an haɗa shi da hannuwan piston tun daga ma'aikata, ba a kwance su. In ya yi wasa, ba a kai shi wajen mai sassaƙar ƙarfe kamar na Peugeot 404. Sabo ko wanda aka sabunta ake nema a sa.

Wannan shi ne mataki na farko. Kafin a yi maganar ƙarin ƙarfi, a auna bilbireke, a duba famfon mai, a gyara zaman sufaf, a kuma sauya abin shaƙar da ke wajen zuba mai, wanda makanikai ke kira ranifilar. In ya mutu, inji ya kan yi ta tsiyayar mai ta kowace kafa. Sau da yawa mai mota na kukan rashin ƙarfi, alhali zobban piston ne suka cinye. Injin da aka mayar daidai yadda ya fito ya kan ba mai shi mamaki. Ba a ɗora bene kan tushen da ya zauna.

HANYOYIN ƘARIN ƘARFI

Hanya ta farko ita ce ta wuta. A 2 CV, bis-platine na can bayan fanka. Sai an cire fanka kafin a kai gare shi, shi ya sa ake yawan barinsa har ya ƙone. Yau akwai na'urar wuta ta lantarki da ke shiga gurbinsa daidai, kamar wadda ake kira 123, ƙirar ƙasar Holan. Ba ta ƙara doki da yawa, amma inji ya kan tashi da sauƙi, lokacin wuta kuma ba ya kaucewa. Cikin dukan gyare-gyaren, wannan ne ya fi amfani, ya fi ƙarancin hatsari. Sai dai mai doguwar tafiya ya ajiye tsohon bis-platine cikin akwatin mota, domin makanikin ƙauye zai iya gyara shi, ba zai iya gyara na lantarki ba.

Hanya ta biyu ita ce ta karbirato. Injunan 602 na farko mai maƙogwaro ɗaya gare su, na baya kuwa Solex mai maƙogwaro biyu. Wanda ke da na farko yana iya komawa na biyu, muddin ya sauya har da bututun da ke kai haɗin iska da isansi cikin silinda. Amma ɗora babban karbirato na wata mota dabam hasara ce: isansi zai ƙaru, ƙarfi ba zai ƙaru ba.

Hanya ta uku ita ce ta piston. Na 2 CV 6 yana matse haɗin iska da isansi sau 8,5. Na ƴar'uwarta Dyane 6 yana matsewa sau 9, injinta kuwa na ba da wajen doki 32. Girmansu ɗaya, saboda haka ana iya sa wannan a gurbin wancan. To, amma matsi in ya ƙaru, zafi ma ƙaruwa yake, inji kuma ya kan bukaci isansi mai kyau. In aka ba shi gurɓataccen mai na kwalba, sai a ji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman wajen hawan tudu. Wannan ƙara ita ce ke huda kan piston.

Hanya ta huɗu ita ce faɗaɗa silinda. Faɗin na 602 milimita 74 ne. A 1978 Citroën ta fito da motar Visa mai faɗin milimita 77, wanda ya kai girman inji 652, ƙarfinsa wajen doki 35. Yau ana sayar da silinda da piston masu wannan faɗi, waɗanda aka yi domin injin 2 CV. Ƙarin bai wuce santimita kub 50 ba, amma direba ya kan ji shi wajen tashi da wajen ɗaukar kaya. Sharaɗinsa shi ne a sake daidaita karbirato, don inji ya samu isansin da ya ishe shi. In haɗin ya yi ƙaranci, sufaf ke ƙonewa.

ZAFI DA ƘURA

Yawancin waɗannan kayan an yi su ne domin Turai. A nan kuwa, cikin watannin Afirilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, lokacin hunturu kuma ƙura ce ko'ina. Injin da iska ke sanyayawa, iskar da ya samu ita yake amfani da ita, in mai zafi ce, mai zafi. Kowane doki da aka ƙara, wuta aka ƙara.

Don haka a kiyaye abu uku. A wanke radiyaton mai a kai a kai, domin ƙura da maiƙo na toshe shi. Kada a bar ko ɗaya daga cikin marufan da ke bi da iska zuwa kan silinda. Kada kuma a yarda da shawarar masu cire matatar iska, ko masu sa ƴar buɗaɗɗiya irin ta motar tsere, wai don inji ya shaƙa da kyau. Rairayi in ya shiga, ya kan goge zobba da silinda kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

MAI GUDU YA SAN TSAYAWA

Ƙarin ƙarfi ba shi da amfani in birki bai kama ba. Kafin 1981 birkin gaba na 2 CV na ganga ne. Daga 1981 aka koma na faifai. Ruwansu ba ɗaya ba ne. Mai faifai koren mai yake sha, wanda ake kira LHM. In aka zuba masa ruwan birkin sauran motoci, robobinsa za su lalace, ranar da ake bukatarsa ya ƙi kamawa. Haka nan a duba ƙashin mota da kyau, don gargadar hanya ta kan tsaga shi. Wanda ya sauya girman inji kuma, ya je ya sanar da ma'aikatar sufuri da kamfanin inshorarsa, kada ranar hatsari takarda ta faɗi wani abu, mota ta nuna wani.

Bayan an haɗa inji, a bi shi sannu cikin kilomita 1.000 na farko. Sa'an nan a juye mai, a sake ɗaure kulas, a daidaita sufaf a kan milimita 0,20 lokacin da inji ke da sanyi.

Shawararmu ita ce, mai mota ya tambayi kansa aikin da zai yi da ita. In yawon gari ne, inji na asali da wutar lantarki sun wadatar. In tafiya ce tsakanin Yamai da Dosso ko Birnin Konni da iyali da kaya, faɗaɗa silinda ya fi ƙara matsi dacewa da zafinmu da irin man da muke samu. Wanda kuwa tsere yake so, ya nemi wata mota. Tsohuwar 2 CV ta ratsa Tenere da ɗan ƙarfinta, kuma Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.