Wa Zai Ba Dashen Ruwa a Bazara?

Duk matafiyin da ya baro Sakkwato ya miƙi hanyar Jega, sai ya ratsa Bodinga da Shagari kafin ya kai Tambuwal. A garuruwa irin waɗannan, lambun jama'a shi ne gindin dogon yaro: a bakin kasuwa, a ƙofar masallaci, a harabar firamare, da gaban asibiti inda masu jinya ke shimfiɗa tabarmi. A watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, nan ne majalisar dattawa, nan ne shagon mai faci, nan ne kuma ajin ɗaliban da ɗaki ya yi wa kaɗan.

Shi dogon yaron nan baƙo ne. Asalinsa ƙasar Indiya, a zamanin Turawa aka kawo shi Najeriya, wajen 1928, aka fara da Borno kafin ya bazu zuwa yamma. Galibin manyan da ake gani a jere bakin hanya wasu ne suka dasa su, suka kuma tsare su har suka fi ƙarfin akuya.

A wajen tsaron ne ake yin sake a yau. Kowace damina ana bikin dashen itatuwa, a zo da manyan baƙi, a ɗauki hoto, a watse. Najeriya na cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ta kafa masa hukuma ta ƙasa a 2015, kuma Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa. Amma hukuma tsiro take rabawa, ba ta bin sa da bokiti. Ruwan sama kan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ba ya kankama kuma sai Yuni. Wata takwas ke nan na hunturu da bazara. Ga dabbobi: da damina a ɗaure suke saboda gonaki, ana gama girbi sai a sake su, kuma ɗanyen ganyen da ya rage a gari shi ne na dashen. Abin da akuya ta bari, gara ta ƙarasa.

Saboda haka aikin ɗan sa kai na gaskiya yakan fara ne bayan an naɗe rumfar biki. Masu lambu sun san ƙa'idar. A yi dashe a Yuli, bayan ƙasa ta ƙoshi, domin saiwa ta kama tun da sauran ruwa. A haƙa rami mai zurfi, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, don ɗanye ƙona saiwa yake yi, a kuma cire ledar da tsiron ya zo a ciki. A kewaye shi da ƙayar magarya ko a jera masa tubali da 'yan kafofin shan iska. A yi masa ɗan kwari a gindi, a rufe da busasshiyar ciyawa, ana dubawa saboda gara. Ban ruwa kuwa da yamma ya fi, kuma gara a cika kwarin bayan kwana biyu ko uku da a riƙa yayyafi kullum, wanda ke sa saiwa ta tsaya a sama. Inda ruwa ke wuya, akan binne tsohuwar tukunyar ƙasa kusa da gindin a riƙa cika ta, ita kuma tana tsattsafowa a hankali.

Akwai ma ruwan da ake zubarwa kyauta sau biyar a rana. 'Yar magudana daga wurin alwala zuwa gindin dashe ta wadatar, shi ya sa itatuwan masallaci suka fi na bakin titi kai labari. Haka rarar da ke kwarara a bakin rijiyar burtsatse. Mutanen Shagari kuma suna da madatsar ruwa, wadda ke iya ɗaukar gandun renon tsiro a kusa, maimakon a jira na mota daga birni.

Aikin gayya ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, da shi ake share maƙabarta da filin idi. Sai dai gayya ta yini ɗaya ce, dashe kuwa yana son shekara biyu ana leƙa shi, kamar yaron da ba a yaye ba. Dole a san mai shi. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun gwada haka. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya, ya fara nuna wa manoma sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona ana rage masa rassa, ƙasar Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da gawo da sauran itatuwa. Abin ya karɓu ne da manomi ya tabbata itacen nasa ne, shi zai ci amfaninsa.

A fili na kowa da kowa, sai an ƙirƙiri wannan mallaka. Mai shayin da ke bakin tasha a ba shi biyun da ke gaban teburinsa. 'Yan agaji su ɗauki na masallaci, ƙungiyar matasa na asibiti, mai unguwa kuma ya yi magana da masu awaki. In an haɗa da zogale ko mangwaro, a yanke tun farko wa zai tsinka, don kada rigima ta kashe abin da fari bai kashe ba.

Makaranta ce ta fi sauƙi, domin kowane aji zai iya riƙe layinsa, kuma dogon hutu cikin damina yake faɗawa. Haɗarin yana hutun zango na biyu, wanda kan zo wajen Afrilu, ana tsakar zafi. Kafin a rufe makaranta, ya kamata shugaba ya rubuta sunayen ɗaliban da gidajensu ke kusa, ya raba masu ranaku, ya kuma bar bokitai a hannun maigadi.