Saƙar da Aka Ajiye Ba Bashi Ba Ce

A ƙasan durowar kayana akwai wata baƙar leda da ta haura shekara shida a wurin. A cikinta akwai ƙullin zaren ulu biyu, da kwarashi, da rabin hular jariri. Yaron da na fara saƙa wa hular yanzu shi ke ɗaura wa kansa takalmi ya tafi makaranta. Duk sanda hannuna ya taɓa ledar nan ina neman mayafi, sai gabana ya faɗi, kamar na yi kiciɓis da mai bina bashi a bakin kasuwa.

Na san ba ni kaɗai ba ce. Gida nawa ne keken ɗinki ya koma teburin ajiye filas? Samari nawa ne suka cika rabin littafi mai shafi tamanin da labari, suka tsaya a babi na huɗu? Lokacin kullen korona a 2020 kusan kowa ya kama koyon wani abu, wannan kek, wancan zane, waccan haɗa turaren wuta. Da aka buɗe gari, kaya suka koma lungu, abin da ya rage shi ne zargin kai: "Ni dai ba ni da naciya."

Wataƙila wannan nauyin yana da tushe a yadda aka halicci ƙwaƙwalwa. A 1927 wata masaniyar halayyar ɗan'adam, Bluma Zeigarnik, ta wallafa wani bincike da ta yi a Berlin. Ta riƙa ba mutane ƙananan ayyuka, irin su zira duwatsun ado a zare da warware lissafi. Wasu ayyukan ta bari a gama, wasu ta katse su a tsakiya. Da ta tambaye su daga baya, sai ta ga sun fi tuna waɗanda aka katse. Wato aikin da ba a ƙarasa ba ya kan yi ta ƙwanƙwasa ƙofar zuciya. Matsalar ita ce zuciyar ba ta tantance alkawarin da ka ɗaukar wa wani da hular da babu mai jiran ta. Duk ƙwanƙwasa iri ɗaya take ji.

Sai kuma mutane su ƙara gishiri. Da an ga kin iya kitso ko lalle, tambayar farko ita ce, "Me ya sa ba za ki mayar da shi sana'a ba?" Ba laifinsu ba ne, rayuwa ta yi tsada. Amma daga ranar da aka fara auna abin sha'awa da riba, barin sa ya zama asara, alhali tun farko don hutun rai aka kama shi. Ga waya kuma: a Instagram da TikTok ƙarasasshen aiki kawai ake nunawa. Babu mai ɗaukar hoton ledarsa ta ƙasan durowa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kakanninmu ba su san wannan damuwar ba. Manomi idan ya kai amfanin gona rumbu, ya kan zauna gindin bishiya da kaba yana tufkar igiya ko saƙar tabarma, wani ya kama ɗinkin hula, mata su kama faifai da kaɗin auduga. Ranar da ruwan shuka ya sauka, sai a naɗe komai a soke a jikin danga ko a rataye a ɗaki, a ɗauki fartanya. Babu wanda ke kiran kansa rago don ya bar tabarma rabi. Sun san aikin rani daban, na damina daban. Mu ma muna da daminarmu, sai dai sunanta goyo, ko jarrabawa, ko jinyar tsoho, ko neman na cefane. Taura biyu ba ta taunuwa.

Sannan abin da hannu ya koya ba ya zubewa duka. A Amurka an yi wata tsohuwa da ake kira Grandma Moses, matar manomi, wadda ta daɗe tana yin hotuna da zare da allura. Ciwon gaɓɓai ya hana ta riƙe allura bayan ta haura shekara 70, sai ta koma fenti. Kafin ta rasu a 1961 tana da shekara 101, ta zana hotuna sama da 1,000. Idon da ya saba haɗa launin zare shi ne ya haɗa na fenti.

Akwai dai iyaka, kada a fake da guzuma a harbi karsana. Idan ka karɓi kuɗin mutum da yadinsa ana gobe sallah, wannan bashi ne, dole ka cika. Haka wanda iyaye suka biya wa kuɗin koyon sana'ar da zai ci abinci da ita, shi haƙuri ya kama shi. Maganata a kan abin da ka ɗauka da kanka ne, don jin daɗinka, babu shaida babu wa'adi.

Don haka 'yar'uwa, fito da ledar nan yau ki buɗe ta. In hannunki ya yi marmarin kwarashin, ki yi layi biyu kafin la'asar, ba sai kin gama ba. In kin ji ba ya yi, ki miƙa wa yarinyar maƙwabta da ke son koyo. Ni tawa ƙanwata zan ba, ta warware hular ta saƙa safa.