HAƘƘIN ƊAN ADAM A DOKAR DUNIYA: ABIN DA YA KAMATA KOWANE ƊAN ƘASA YA SANI

Bayan da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare cikin 1945, ƙasashe suka ga irin ɓarnar da kan auku idan aka ƙyale kowace gwamnati ta yi wa mutanenta yadda ta ga dama. Dalilin haka ne, da aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar, aka sa kiyaye mutuncin ɗan Adam cikin manufofinta. Ran 10 ga Disamba 1948 Babban Taron Majalisar ya zauna a Faris, ya amince da Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam mai sassa 30. Ƙasashe 48 suka goyi baya, 8 suka ƙi jefa ƙuri'a, babu ko ɗaya da ta ce a'a.

TUSHEN DOKAR

Tushen al'amarin shi ne, haƙƙi ba kyautar gwamnati ba ne. Mutum yana da shi saboda shi mutum ne, ko namiji ko mace, ko mai arziki ko matalauci, kowane harshe yake ji, kowane addini yake bi. Aikin gwamnati ne ta kiyaye kada ita da kanta ta tauye shi, ta kuma hana wani ya tauye shi. Akan iya taƙaita wasu haƙƙoƙi bisa doka in an shiga halin ta-ɓaci, amma azabtarwa da bautar da mutum haramun ne a kowane hali.

Sanarwar 1948 ba yarjejeniya ba ce da ke ɗaure ƙasa. Saboda haka cikin 1966 aka tsara yarjejeniyoyi biyu, ɗaya kan 'yancin jama'a da siyasa, ɗaya kan tattalin arziki da zaman jama'a da al'adu. Sun fara aiki cikin 1976, Nijeriya kuwa ta shige su cikin 1993.

Afirka ma ta yi tata. Cikin 1981, a Nairobi, shugabannin ƙasashen nahiyar suka amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam da na Al'ummomi, wadda ta haɗa haƙƙin mutum da nauyin da ke kansa game da iyalinsa da ƙasarsa. Nijeriya ta tabbatar da ita cikin 1983, ta kuma mai da ita dokar gida. Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai, domin sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa yarjejeniya ba ta zama doka a ƙasar nan sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Don haka lauya na iya kafa hujja da yarjejeniyar Afirka a gaban alƙali a Kano ko Legas.

INA AKE KAI KUKA?

A Janiba akwai Majalisar Kula da Haƙƙin Ɗan Adam, wadda aka kafa cikin 2006 da wakilan ƙasashe 47. Tana bin diddigin halin kowace ƙasa bi da bi, amma ba kotu ba ce. A Hague akwai kotuna biyu da jama'a kan rikita: Kotun Duniya tana raba gardama tsakanin ƙasa da ƙasa kaɗai, Kotun Manyan Laifuffuka kuwa, wadda ta fara aiki cikin 2002, tana hukunta mutanen da suka yi kisan ƙare dangi ko laifin yaƙi. Afirka tana da hukuma a Banjul da kotu a Arusha, sai dai hukumar ba ta karɓar ƙara sai mai ita ya bi kotunan ƙasarsa tukuna.

Mafi kusa da talaka ita ce kotun ECOWAS da ke Abuja. Tun 2005 mutum na iya kai ƙarar gwamnati gabanta kai tsaye. Cikin 2008 wata 'yar Nijar, Hadijatou Mani, wadda aka sayar da ita bauta tana da shekara 12, ta yi nasara a can. Kotun ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta kuma umarta a biya ta sefa miliyan 10.

GYARA DAGA GIDA YAKE FARAWA

Waɗannan kotuna ba su da 'yan sandan kansu, hukuncinsu kuwa yakan daɗe ba a cika shi ba in gwamnati ta ja ƙafa. Shi ya sa garkuwar farko ita ce Babi na Huɗu na Tsarin Mulki, da manyan kotuna, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa wadda aka kafa cikin 1995. Duk wanda aka tsare ba bisa doka ba, ko aka azabtar, sai ya adana ranar da abin ya faru, da wurin, da sunayen shaidu, sa'an nan ya garzaya hukumar ko ya nemi lauya. Wanda bai san haƙƙinsa ba, da wuya ya gane ranar da aka ƙwace masa shi.