FILIN MANOMA: Diyyar Inshorar Gona Tana Da Iyaka

A daminar 2020 ruwa ya cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. A ta 2022 kuma ambaliya ta yi ɓarna ƙwarai a Jihar Jigawa, musamman ƙasar Haɗeja da kewayenta. Irin wannan asara ita ke sa manomi ya kasa kunne ga maganar inshora, watau yarjejeniyar da mutum kan yi da kamfani, ya biya 'yan kuɗi kafin shuka, in masifa ta auka wa gonar a biya shi diyya.

Abu ne mai amfani, ba shakka. Amma akwai abin da kan jawo ɓacin rai bayan asara. Manomi yana tsammanin za a mayar masa da dukan abin da ruwa ya ci, sai ya ga an miƙo masa rabi, ko abin da bai kai rabi ba. Sau da yawa iyakar diyyar tana nan rubuce cikin takardar da ya dangwala wa yatsa, ba a karanta masa ba ne kurum.

Gwamnatin Tarayya ta soma shirin inshorar noma a 1987, kuma a 1993 aka yi dokar da ta tabbatar da hukumar da ake kira NAIC, mai riƙe da shirin. Tsarin ya tanadi gwamnati ta ɗauki rabin kuɗin inshorar wasu amfanin abinci, manomi ya biya rabi. Yanzu akwai kamfanoni masu zaman kansu da ke wannan sana'a, har da na takaful masu bin tsarin Musulunci. Kowannensu da sharuɗɗansa, amma iyakoki huɗu kan maimaitu cikin takardun, kuma ya kamata manomi ya san su.

ADADIN DA AKA RUBUTA

Cikin kowace takarda akwai adadin kuɗi guda wanda kamfani ba zai wuce shi ba, kome girman asarar. A inshorar gona, galibi wannan adadi shi ne abin da manomi ya kashe: huɗa, iri, taki, maganin feshi da ladan 'yan ƙwadago. Ba a lissafa ribar da yake sa ran samu da kaka.

Ga misali. A ce mutum ya kashe Naira 400,000 a fadamarsa, yana sa ran buhu 40 na shinkafa, kowane buhu a Naira 30,000, watau Naira 1,200,000 ke nan. Ruwa ya zo ya shafe gonar. Shi a ransa ya yi asarar miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. A takarda kuwa diyyarsa ba za ta haura Naira 400,000 ba. Har wa yau akan duba lokacin da masifar ta zo. In ruwan ya ci gonar tun shuka tana ƙarama, ba a kai ga zuba taki na biyu ba, to, abin da aka riga aka kashe zuwa ranar shi za a lissafa.

RABON MANOMI CIKIN ASARAR

Iyaka ta biyu ita ce kason da kamfani kan bar wa manomi ya ɗauka da kansa. In takarda ta ce kashi 10 cikin ɗari, to, daga Naira 400,000 ɗin nan za a cire 40,000, a ba shi 360,000. In kuma ɓarnar duka ba ta kai wannan kaso ba, ba za a ba shi ko kwabo ba. Dalilin kamfani shi ne, wanda ya san za a biya shi kome da kome yana iya sakaci da gonarsa. Kowace takarda da nata kason, saboda haka sai an tambaya.

WANDA YA RAGE KIMAR KAYANSA

Ta uku ta fi shafar masu sa rumbu ko sito cikin inshorar gobara. Wani yakan rage kimar kayansa don kuɗin da zai biya su yi sauƙi. A ce hatsin da ke cikin sito ya kai na Naira 1,000,000, mai shi ya ce a rubuta 500,000. Gobara ta tashi ta ci na Naira 400,000. Zai ce ai asararsa ba ta kai abin da aka rubuta ba, lalle a biya shi duka. Kamfani kuwa zai ce rabin kayan ya sa a inshora, don haka rabin asarar za a biya, watau Naira 200,000. Sauran ya zama nasa. Arahar da ya nema ta ci masa dubu ɗari biyu. Haka nan wanda ya nome eka huɗu ya rubuta biyu yana jawo wa kansa gardama ranar awo.

IRIN MASIFAR DA AKA AMBATA

Ta huɗu, ba a biyan diyya sai a kan masifar da aka ambaci sunanta. Waɗanda aka saba rubutawa su ne ambaliya, fari, gobara, tsawa, iska mai ƙarfi, ƙwari da cututtukan shuka. Wanda ya bar ciyawa ta kashe masa gona, ko ya yi shuka bayan lokaci ya wuce, ba shi da abin nema. Faɗuwar farashi a kasuwa ma ba ta ciki. Batun sata da ɓarnar dabbobi kuwa, kada manomi ya ɗauka suna ciki sai ya ji an karanta masa su daga takardar. Akwai kuma wa'adin kai rahoto. In ɓarna ta auku, sai a sanar da kamfani nan da nan, kuma kada a sake huɗe gonar kafin ma'aikacinsu ya zo ya gani da idonsa.

INSHORAR YANKI

A 'yan shekarun nan an shigo da wani tsari dabam, wanda ba a auna gonar mutum ɗaya, sai amfanin yanki gaba ɗaya. A ce yanki ya saba ba da buhu 20 a hekta, aka yi yarjejeniya a kan kashi 70 cikin ɗari, watau buhu 14. In aka auna da kaka aka ga yankin ya ba da buhu 10, kowane mai inshora zai sami diyyar buhu 4 a hekta. In kuwa yankin ya ba da 16, ba wanda za a biya, ko da akwai wanda gonarsa tana bakin rafi bai tsira da buhu 5 ba. Wannan tsari ya fi araha, amma mai gona a kwari ya yi tunani kafin ya shiga.

Sa wa diyya mataki irin wannan al'adar sana'ar ce ko a ƙasashen da suka daɗe cikinta. A Amurka, inda gwamnati ta kafa hukumar inshorar amfanin gona tun 1938, manomi ne ke zaɓar matakin da yake so wa gonarsa, daga kashi 50 zuwa kashi 85 cikin ɗari na abin da ta saba bayarwa. Gwargwadon tsawon matakin, gwargwadon kuɗin da zai biya.

MAI BASHIN BANKI

Manoma da yawa ta hanyar rance suke shiga inshora. Banki kan cire kuɗin inshorar daga cikin rancen, wani ma bai san an yi ba. A nan adadin da aka rubuta yakan zama daidai da bashin, kuma diyya in ta fito galibi hannun banki take fara shiga. Abin da manomi ya ƙara daga aljihunsa ba ya ciki, sai in ya nemi a sa. In diyyar ba ta rufe bashin ba, ragowar tana wuyansa.

Saboda haka kafin mutum ya sa hannu, sai ya sami malamin gona, ko sakataren ƙungiyarsu, ko ɗansa mai karatu, a karanta masa takardar a fassara masa da Hausa. Ya tambayi iyakar kuɗin da aka rubuta, da kason da za a cire, da masifun da aka ambata, da kwanakin kai rahoto, da wanda za a miƙa wa diyyar. Ya karɓi kwafinsa ya adana tare da rasiɗan taki da iri, gama su ne shaidarsa. Wanda ya ga an tauye masa abin da takarda ta ba shi yana da ikon kai kuka ga NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a Nijeriya. Amma tambaya kafin shuka ta fi ƙara bayan ambaliya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare gonaki daga ɓarna.